Siginar da Ta Daina Kuka

Tun ranar Litinin da aka manna takardar nan a allon sanarwa na ɗakin gwajin jini, mutumin da ake kira Kan-Lokaci bai ƙara zama a kujera ya cika minti biyar ba. Takardar ba dogon bayani ba ce. Cewa ta yi duk mai ɗaukar wa ɗakin gwajin kaya a babur ya kai babur ɗinsa ofishin duba ababen hawa kafin Alhamis ta wuce, ya dawo da sabuwar takardar lafiyarsa, kuma bana za a tsananta a kan fitilu da sigina. Wanda bai kawo ba, a ba wani zagayensa. Sauran masu babura uku suka karanta suka wuce abinsu. Shi kuwa tsayawa ya yi a gaban allon yana laluben aljihu kamar mai neman tabarau, har ɗayansu ya gaji ya karanta masa.

Shekara ashirin da shida yana wannan aikin. Ƙananan asibitoci shida da safe, shida da yamma, ya karɓi kwalaben jini ya jera a akwatin sanyi da ke ɗaure a bayan babur, ya kawo su kafin su lalace. Bai taɓa makara ba, shi ya sa sunan ya bi shi har na yankan ya ɓace. Kuma ba ya ƙin a kira shi da shi, in ma ba a kira ba sai ya san yadda ya yi ya tuna wa mutane.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta fara kama shi. Wajen shekara guda ke nan duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta gilashin da aka shafa wa mai. In rana ta take, komai ya yi fari fat. In ta faɗi, a daidai lokacin da yake dawowa da kayan yamma, kwalta da rami su zama abu ɗaya. Kullum sai ya wuce ta ƙofar sashen ido na babban asibiti sau biyu, kuma kullum sai ya ƙara wuta a wurin. Mahaifinsa ya shiga aikin ido da ido ɗaya mai gani ya fito babu ko ɗaya, shi ne ɗan da ya riƙa ja masa sanda shekara tara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maimakon likita, sai ya tafi wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar babur. Aka cire masa fitilar gaba ta asali, mai hasken nan ja-ja, aka sa irin ta zamani da ake kira LED, fara tas, aka ƙara ƙanana biyu a gefe kamar idon mage. Mai wayarin ya ce ai ba a yin kwalliya rabi, ya canza masa har sigina, ya sa sirara masu kyau. Tsohuwar filasha, wato ɗan akwatin da ke sa sigina ƙiftawa, ta ƙi aiki da su, sai aka sa sabuwa. Tsohuwar tana kuka, tii, tii, tii, har sai an kashe ta. Sabuwar shiru take aikinta. Kan-Lokaci har daɗi ya ji, ya ce an raba shi da ƙorafi.

Daga ranar ya koma ganin hanya da yamma. Daga ranar kuma, a ganinsa, mutanen gari suka lalace. Masu mota su yi ta watsa masa fitila, masu tafiya a ƙasa su kare fuska da hannu suna tsaki, wani ya leƙo ta taga ya aiko masa da daƙuwa. Yakan dawo gida yana faɗa, wai tarbiyya ta ƙare a titi. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani.

Ranar Alhamis ya gama zagayen safe ya biyo gida, abin da ba ya yi. Ya shiga ɗaki ya fito, ya buɗe akwatin sanyi ya rufe, ya ɗauki kofin shayi ya ajiye bai kurɓa ba. Matarsa tana zaune a kan keken ɗinki tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Malam, ka zauna mana. Kana ta safa da marwa kamar kaza za ta yi ƙwai."

"Ina makullina?"

"Ga shi a hannunka."

Ya dubi hannun, ya yi tsaki, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar akwai dakali mai hawa biyu wanda ta shafa wa farin fenti watanni huɗu da suka wuce, ya yi ta mita a lokacin wai ɓarnar fenti ce. Ya taka shi daidai ya sauka.

"In ka dawo ina da magana da kai," in ji ta.

"Kullum kina da magana."

"Wannan ta daɗe tana jira."

Bai tsaya ji ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Dabarar da ya kwana uku yana saƙawa ba sabuwa ba ce, rabin masu baburan garin sun san ta. A je wurin mai wayarin a mayar da fitilar asali, a je a ci jarrabawa, a dawo a sake ɗora farar. Shagon mai wayarin rumfa ce ta kwano, wayoyi ja da baƙi da shuɗi suna reto daga sama, ƙasa duk matattun batura. Ya tarar da babura huɗu a gabansa, dukkansu abin da ya kawo su ke nan.

"Kawu, kai ma?" in ji mai wayarin yana dariya, sukudireba a baki. "Wannan mako na cire fitila ya fi talatin. Gobe kuma in mayar da talatin. Allah ya ƙara wa masu doka lafiya."

"Ka bar surutu ka duba ni, ina da zagaye ƙarfe huɗu."

"Ai kai ba a haɗa ka da layi."

Ya zaro tsohuwar fitilar daga wani kwali, ya hure ƙurar, ya ɗaura. Ya kwance ƙananan biyun, ya naɗe bakin wayoyinsu da baƙin salatif ya cusa ƙarƙashin tanki. Kan-Lokaci yana tsaye a kansa, ya koma dama ya koma hagu, yana tambayar ƙarfe nawa duk bayan numfashi uku.

"Siginar fa?"

"Bar ta, Kawu. Wannan mai tambari ce, launinta kuma irin wanda suke so. Ba su da abin cewa. In ka fito ka biyo in mayar maka da haskenka kafin rana ta faɗi."

Ya hau ya fita. Daga bakin shagon ya kunna siginar hagu ya shiga babban titi, ya miƙe. Rana tana tsaka, kwalta tana ƙyalli, ya ƙanƙance ido yana bin bayan wata babbar mota saboda ita ce abin da ya fi fitowa sosai. A mahaɗa ta biyu, inda wani titi ya ɓalle hagu, ya ga wani abu mai launi ya shigo gabansa. Ya taka birki da ƙafa ya damƙe na hannu, bayan babur ya zame, akwatin sanyi ya daki ƙugunsa. Tayar gaba ta tsaya ba ta fi taki ɗaya ba tsakaninta da wata mata mai tsohon ciki, riƙe da jakar cefane. Lemo ya watse a kwalta.

"Ke ba ki da ido ne?" ya daka mata tsawa.

Matar ta dafe ciki da hannu biyu. Sai da ta haɗiye numfashi sannan ta iya magana.

"Baba, ba kai ka nuna hagu za ka yi ba? Na ga siginarka na tsallaka!"

"Ni? Ni ban sa wata sigina ba!"

"Wallahi ka sa!"

Masu mota suka dame su da hon. Wani ya tattara mata lemon. Kan-Lokaci ya tayar da babur ya wuce yana huci. Karo na uku ke nan a wata guda da wani ya faɗo masa gaba ya kuma ce shi ne ya nuna zai juya. Mutum ya yi ganganci da ransa, sannan ya ɗora wa dattijo ƙarya. Haka ya yi ta faɗa wa kansa har ƙofar ofishin.

Filin dubawar fili ne na siminti, ba inuwa ko ta sisin kwabo sai wata rumfa a ƙarshe mai farin bango, an ja baƙin layi a jikinsa daidai ƙugun mutum. Babura sun yi layi. Ya kashe injin ya bar makulli a kunne kamar yadda mai gadin ƙofa ya ce, yana turawa da ƙafa in layi ya motsa. Ya ciro waya ya kai ta kusa da hanci ya duba lokaci, ya mayar, ya sake cirowa. Na gabansa aka ce fitilarsa shuɗiya ce, ya je ya cire. Na gaban wancan an kama shi da sigina fara mai gudu kamar wutar gidan biki. Duk wanda aka kora sai Kan-Lokaci ya bi shi da kallo.

Jami'ar da ke duba layinsu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, da allon rubutu a hannu da agogo babba a wuyan hannu. Ba ta da fara'a, ba ta kuma da wulaƙanci. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi takardu, ta zagaya babur ɗin sau ɗaya.

"Baba, kashe siginarka tukuna. Tun daga ƙofa nake hango ta."

"A kashe take."

"Ta hagu. Tana kunne."

"'Yata, na fi shekara talatin ina hawa babur. In na ce a kashe take, a kashe take."

Makunnin siginar irin wanda ke komawa tsakiya ne da kansa, ko tana kunne ko tana kashe a wuri ɗaya yatsa zai same shi, sai an danna shi ciki take mutuwa. Jami'ar ba ta yi musu ba. Ta nuna kan mita da bakin biro.

"Ga koren ƙwan nan yana gaya maka."

Ya duba. Gilashin mita ne kawai, fari, rana ta cika shi.

"Wannan ƙwan ai ya daɗe da mutuwa," in ji shi.

Ta dube shi, ta dubi mitar. Sai ta ɗaga allon rubutunta ta yi wa mitar inuwa da shi, ta ce ya sunkuyo. Ya sunkuya har hular kwanonsa ta kusa taɓa gilashin. A can cikin farin, wani ɗan kore ya bayyana, ya ɓace, ya bayyana, ya ɓace.

Bai ɗago da wuri ba. Tun daga bakin shagon mai wayarin take kunne. Da ita ya bi babban titi, da ita ya iso mahaɗa ta biyu, tana gaya wa duk mai ido cewa hagu zai yi. Matar nan gaskiya ta faɗa. Mutumin makon jiya mai kura ma gaskiya ya faɗa, da direban da ya kusa shiga kwata saboda shi. Shekara da shekaru ashe ba koren ƙwan nan yake dubawa ba, kukan tsohuwar filasha ne ke tuna masa, kuma shi da bakinsa ya yi murna da aka cire ta. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo bayanta, irin tsoron da ke zuwa bayan abu ya riga ya wuce. Taki ɗaya ne ya rage. Ya danna makunnin da babban yatsa.

"Yauwa, ta mutu," in ji jami'ar a hankali. "Mu shiga rumfa."

Ta yi aikinta kamar ba abin da ya faru. Ta sa ya haska bango, hasken ja-jan nan ya kwanta ƙasa da baƙin layi yadda ake so. Ta duba tambarin da ke jikin murfin sigina. Ta sa ya kunna dama, ta ƙirga ƙiftawar tana kallon agogonta, ta ce ba ta yi sauri ba, ba ta yi nawa ba. Birki, hon, taya. Sannan ta durƙusa ta zura yatsa ƙarƙashin tanki ta jawo wayoyin nan biyu masu sabon salatif.

"Waɗannan na mene ne?"

Ya kawar da kai.

"Na san na mene ne, Baba. Yau na ga irinsu sun fi goma. Ka ga layin can? Fitilar da aka ƙera wa babur ɗin nan tana zuba haskenta ƙasa da shi, a kan hanya. Wadda ka cire ba a ƙera ta don kaskon fitilar nan ba, watsa haske take yi sama, cikin idon wanda ke tahowa. Kai kana gani, shi ya makance. Ba don mu takura wa kowa aka hana ba."

Ta miƙe ta cike takardar, ta buga hatimi, ta sa hannu. Ta miƙo masa, amma ba ta saki ba nan take.

"Babur ɗinka lafiyarsa ƙalau, ba ni da hurumin hana shi takarda. Ni babur aka ce in duba." Ta rage murya yadda na baya ba zai ji ba. "Mahaifiyata an yi mata aikin yanar ido bara, ido biyu. Yanzu ita ke zura mana zare a allura. Ka gafarce ni in na shiga abin da ba nawa ba."

Ta saki takardar ta kira na gaba.

Ya turo babur ɗin har wajen ƙofa ya tsaya a gindin katanga. Ga takarda a hannu, abin da ya hana shi barci kwana uku, da hatiminta da komai. Ba wanda zai karɓe masa zagaye. Ƙarfe uku da kwata, in ya tashi yanzu zai biya a ɗora masa farar fitila ya kuma isa asibitin farko kafin huɗu. Ya ɗora ƙafa a kan kik, ya sauke. Ya sake ɗorawa. Waya ta yi ƙara, mai wayarin ne.

"Kawu, an dace? Taho, na ajiye maka ita a gefe."

"Bar ta a gefen," in ji shi, ya kashe.

Ya zagaya babur ɗin, ya gyara igiyar akwatin sanyi da ba ta kwance ba. Zuciyarsa ta kawo masa dabara: a nemo filasha mai kuka, shi ke nan, sigina ta warke. Ya ji daɗin dabarar na ɗan lokaci. Sai ya tuna bai ga mace ba a mahaɗar nan, wani abu mai launi ya gani, sai da ya tsaya ta zama mutum. Wannan kuwa babu filashar da za ta gyara shi.

Ya kira shugabar ɗakin gwajin. Sau biyu yana danna lambar da ba ita ba.

"Ranki ya daɗe, a ba wani zagayen yamma."

"Kai? Lafiya? Babur ɗin ne bai ci ba?"

"Babur ya ci. Ni ne. Idona ne, ranki ya daɗe. Ya daɗe. Gobe zan zo in yi bayani."

Ta ce ya zo da safe, za ta haɗa shi da mutanen sashen ido da kanta, zagayensa kuma riƙo za a yi masa. Bai san ko za a iya cika wannan alkawarin ba, ita ma yana jin ba ta sani ba. Ya yi godiya.

Kira na biyu, na matarsa, ya fi wuya. Ta ɗauka tun bugun farko, yana jin keken ɗinki ya tsaya.

"Kina ji? Ina ƙofar ofishin masu duba babur. Ba zan iya hawowa ba." Ya jira ta tambaya, ba ta tambaya ba. "Ba na gani sosai. Na daɗe ina ɓoye miki."

"Ni kake ɓoye wa, Malam? Wa ya shafa wa dakali fenti? Wa yake karanta maka sunayen kwalabe wai don in taya ka sauri? Wata biyar katin asibitin ido yana cikin gwangwanin maɓallai, sau biyu ina zuwa ana ɗaga min ranar. Kullum ka fita da yamma ba na iya ɗinka ko hannun riga sai na ji ƙarar babur ɗinka a lungu." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Tsaya nan. Kar ka motsa."

"Ina tsoro," in ji shi. Bai taɓa faɗa wa wani mahaluƙi wannan kalmar ba. "Kin san yadda Baba ya ƙare."

"Na sani. Ka tsaya nan, na ce."

Ya tsaya. Ƙarfe huɗu ta buga yana zaune a kan wani bulo a gindin katanga, hular kwano a cinya, karon farko cikin shekara ashirin da shida da ta same shi ba a kan hanya ba. Yana nan zaune har motar haya ta sauke matarsa a tsallake. Bai gane ta ba sai da ta zo dab da shi, da guntun zare maƙale a gyalenta.

Ba su yi wata doguwar magana ba. Ta karɓi hular ta rataya a hannu. Ya kama kan babur ya fara turawa a gefen titi, ita tana ɓangaren motoci. Gida da nisa, babur da nauyi, gumi ya jiƙa masa riga tun kafin su yi rabi. Da suka iso inda za su karya zuwa unguwarsu, yatsansa ya tura makunni da kansa kamar yadda ya saba, ko da yake tafiyar ƙasa suke yi. Suka karya, suka miƙe, suka wuce shago uku.

"Malam," in ji ta, "siginarka."

Ya danna. Ya sunkuya kan mitar, bai ga komai ba sai fari.

"Ta mutu?"

"Ta mutu. Mu je."